Ta wace hanya ya kamata in riƙa karɓar kuɗin kayana?

Maman Nana, Tawa

Assalamu alaikum ƴan uwa, ina yini, ina gajiya. Shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri zan ɗan ja bayani don kada a ba ni amsar da ba tawa ba.

A Tawa nake, kuma a cikin gida nake sana'ata. Ina haɗa turaren wuta da humra, ina kuma saro cuku wajen matan da ke kawowa daga wajajen Abalak in shirya shi a leda in sayar. Ba ni da shago, sai WhatsApp da shafin Facebook da ɗiyata ta buɗe mini. Ƙaramar kwalbar turare jikka 3, wato sefa dubu 3, babba jikka 5, kayan amarya in an haɗa gaba ɗaya yakan kai jikka 60 ko 70. Ƴan cikin gari ba su da wata matsala, yaro ya kai a babur ya karɓo kuɗi. Amma yanzu mafi yawan cinikina daga nesa yake: Yamai, Maraɗi, Agadas, Arlit, sai matan ƴan uwanmu da ke zaune Abijan, da wasu ƙalilan a Faransa waɗanda suka san ni ta bakin juna. Kaya a motar Rimbo ko STM nake sawa, wannan ɓangaren ya zauna daidai.

Inda abin ya dame ni shi ne shigowar kuɗin. Wata ta turo ta Airtel Money, wata ta ce ita Moov gare ta, wata ta je Nita ta aiko ta kira ni ta karanto mini kodi, wata Amana, wata Al Izza. Na waya duk a lambata ta gida suke faɗawa, wadda a cikinta maigida ke turo kuɗin cefane, ita ce kuma dangi ke kira. Ƙarshen wata in na zauna da littafi ba na iya raba uwar kuɗi da riba da kuɗin miya. Ranar Lahadi kuma da gari ya cika da ƴan cin kasuwa, sai in je wajen mai fidda kuɗi na unguwa ya ce tsabarsa ta ƙare, in dawo gobe, alhali mai cuku tana tsaye tana jira za ta bi motar gida.

Ƙanena da ke karatu a jami'ar nan ta Tawa ya ce maganin abin shi ne ya gina mini shagon intanet, mai saye ta shiga ta zaɓi kaya ta latsa ta biya, ni dai in ga kuɗi sun shigo wuri ɗaya. Ya ambaci PayPal, ya ambaci wasu sunaye da ban riƙe ba, ya ce sai na zaɓi kamfani guda da zai riƙa karɓar mini. Yaron yana da kai, ban raina shi ba, amma ko ashana bai taɓa sayarwa ba, shi ya sa na ce bari in tambayi waɗanda suka riga ni shiga wannan hanya. Wanne kuke aiki da shi? Nawa suke cirewa? In kuɗi sun shiga hannunsu, sai yaushe suke isowa nawa? Kuma matan Faransa da na Abijan, akwai hanyar da za ta haɗa su da na gida, ko dole kowa da tasa? Allah ya saka da alheri.

Mai Kilishi, Bukoki, Yamai

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Ni kilishi nake aikawa, sana'armu ta yi kama, don nawa ma a mota yake tafiya kuma sai an biya nake ɗaurewa.

Kafin ki zaɓi kamfani, ɗauko littafin nan naki ki bi sunayen masu saye ɗaya bayan ɗaya, ki rubuta gaban kowace hanyar da ta saba biyan ki. Za ki ga hanya biyu ko uku ne suka kwashe kusan kowa. To waɗannan su ne naki, ba ke kika zaɓe su ba, masu sayenki ne suka zaɓa tun tuni. Matar da ke Arlit wadda ajans ɗin Nita ke bakin ƙofarta, in kika ce mata daga yau sai ta shiga shafi ta cika suna ta latsa, ba za ta yi miki gardama ba. Za ta ce to, sai ta sayi turare wajen wata.

Abin da ya kamata ki gyara tun wannan satin ba ya ma buƙatar ƙanenki. Ki sayi layi sabo da katin ɗan ƙasarki, naki na kanki, ba na maigida ba, ba na ɗiya ba, ya zama na kasuwa kaɗai. Na nanata maganar suna ne don ranar da waya ta faɗi ko aka sace, wanda sunansa ke kan layin shi kaɗai za a mayar wa. Daga nan ki je ofishin kamfanin wayar, ba wajen mai tebur na bakin titi ba, ki ce lambar ɗan kasuwa kike so. Tana da bambanci da lambar mutum. Dokar babban banki BCEAO ta 2015 ta ce asusun waya na mutum ɗaya ba zai riƙe fiye da miliyan 2 ba, kuma abin da zai shiga cikinsa a wata ba zai wuce miliyan 10 ba, amma wannan iyaka ba ta hau kan ƴan kasuwa masu karɓar biya ba. Na san za ki ce ina ni ina miliyan 2. Bari lokacin aure ya zo bayan girbi, ko gab da salla, kayan amarya su taru miki, za ki tuna da ni. Ban da haka ma, lambar ɗan kasuwa tana ba ki jerin duk abin da ya shigo, da rana da lambar wanda ya biya, ga littafinki ya rubuta kansa. In kin je ki tambaye su su faɗa miki a rubuce wa ke biyan la'ada, ke ko mai saye, da nawa ake cirewa in za ki fidda tsaba. Farashin yana sauyawa, shi ya sa ban rubuto miki ba, wanda ke manne a bangon ofis shi ne gaskiyar ranar.

Nita da Amana kuma kowanne yana da manhajarsa ta waya, MyNita da AmanaTa. In kin buɗe, kuɗi na iya shigo miki ciki, ba sai kin sa hijabi kin je kin bi layi a kan kowace jikka 5 ba.

Sai abu ɗaya da nake roƙon ki don Allah: kada ki sa kaya a mota saboda an turo miki hoton saƙo. Kaptir ɗin nan yaro ma yana iya haɗa shi a waya. Saƙon da ya shigo ma ki dubi daga ina ya fito, don akwai masu rubuta shi da hannu su turo daga lambarsu, kalma da kalma irin na kamfani. Ki shiga asusun da kanki ki ga kuɗin sun ƙaru, gani ya kori ji. An taɓa yi mini da kilishin jikka 40, mutumin har da addu'a da gaisuwar iyali, kaya suka isa Damagaram lambar ta mutu. Akwai kuma masu kira su ce sun yi kuskuren turo miki kuɗi, ki taimaka ki mayar, uwarsu na asibiti. Ki ce su kira kamfani. Wanda kuma ya kira ya ce daga kamfani yake, ki faɗa masa lambobin sirrinki zai gyara miki asusu, ɓarawo ne, ko da ya san sunanki da na unguwarku.

Ɗan Wadata, Yamai

Tanti, barka da ƙoƙari. Ni aikina ke nan, gina shafuka da haɗa su da hanyoyin biya, don haka bari in fara da sunayen da ƙanenki ya kawo, sai mu rage kaya.

PayPal ki cire shi daga lissafi. Asusun da aka buɗe da adireshin Nijar na biya ne, ba a karɓar kuɗin ciniki da shi. Za ki ji wasu na cewa a buɗe da adireshin wani ɗan uwa a Faransa ko a sayi asusu. Ranar da suka nemi takardu suka ga ba su dace ba, rufewa za su yi da kuɗinki a ciki, kuma ba ki da ƙofar da za ki ƙwanƙwasa a Tawa ko a Yamai. Stripe ma bai buɗe wa ƴan kasuwar Nijar ba. Paystack, wanda Stripe ya saya a 2020, yana aiki a Najeriya da Gana da Kwaddibuwa da wasu ƙasashe, ban da mu. Yawancin bidiyon da matasa ke koyo da su an yi su ne don waɗancan ƙasashe, shi ya sa sunayen ke yawo a bakinmu.

Abin da ƙanenki ke nufi da kamfani guda shi ne masu tattara hanyoyin biya. Su ne ke ƙulla yarjejeniya da kamfanonin waya da bankuna, sai su ba ki ƙofa ɗaya: mai saye ta zaɓi abin da take da shi, kuɗin su faɗa asusunki da ke wurinsu, daga baya su zubo miki a banki ko a waya. A yankin sefa akwai irin su CinetPay na Abijan, PayDunya na Dakar, FedaPay na Kwatano, mu nan Yamai akwai iPay Money. Ban ce ki ɗauki wane ba, don jerin ƙasashen da aka rubuta a shafin kamfani daban, abin da ke aiki yau daban. Kamfani na iya cewa yana Nijar alhali hanya ɗaya tak ya buɗe. Ki sa ƙanenki ya tambaye su ƙarara: a Nijar waɗanne ne ke aiki yanzu, Airtel, Moov, Zamani, Nita, Amana, katin banki? In biyun da Mai Kilishi ya ce ki gano a littafinki ba sa ciki, magana ta ƙare.

Tambaya ta biyu ita ce lasisi, kuma ta fi la'ada muhimmanci, don tsakanin lokacin da aka biya da lokacin da aka zubo miki, kuɗinki a hannunsu suke kwana. A Janairun 2024 BCEAO ta fito da ƙa'idar cewa duk mai wannan aiki sai da izininta. Da wa'adin ya cika a farkon Mayun 2025, ayyukan kamfanoni da yawa a yankin sun tsaya, har sai da aka ƙara wa'adi zuwa ƙarshen Agusta. Babban bankin yana wallafa sunayen waɗanda ya ba izini a shafinsa, ƙasa ƙasa. A duba can, kada a tsaya ga abin da mai talla ya faɗa. Sai ki san ranar zubi: kullum ne, ko mako mako, ko sai kin nema? Akwai mafi ƙarancin kuɗin da sai sun taru kafin a ba ki? In biya ta maƙale, an cire wa mai saye amma ke ba ki gani ba, wa za a kira, kuma da wane harshe zai amsa? Wannan na faruwa, musamman in rezo na rawa, kuma mai saye ke ta sani, ke za ta kira da dare.

La'ada kuma kada ki auna ta da kuɗin kwalba, ki auna ta da riba. Mu ƙaddara, misali kawai, suna cire 3 cikin 100. A kwalbar jikka 5 dala 30 ke nan, wato sefa 150, sai ki ga ba komai ba ne. Amma in ribarki a kwalbar jikka 1 ce, 15 cikin 100 na ribar suka tafi, ba a kai ga kuɗin fidda tsaba ba, ba a kai ga kuɗin ajiye shafin na shekara ba. Katin banki yakan fi waya tsada, kuma yana da wani hali: mai katin na iya zuwa bankinsa bayan kaya sun isa ya ce ba shi ya biya ba, a janye kuɗin daga wurinki sai kin kawo shaida. Don haka duk wanda ya biya da kati, ki adana rasit ɗin tashar mota da hirarku.

Za su kuma nemi takardu, galibi rajistar kasuwanci RCCM da lambar haraji NIF, wasu har da asusun banki da sunan sana'ar. A Yamai Maison de l'Entreprise ke wannan, ke kuma ki fara da ofishin ƙungiyar ƴan kasuwa na jihar Tawa su nuna miki hanya. Ki sani da kin yi NIF kin shiga littafin ƴan haraji, don haka ki tambayi abin da zai hau kanki a shekara tun kafin ki sa hannu.

Ra'ayina, kuma kasuwata nake ɓatawa da na faɗa: ba ki buƙatar shafi yanzu. Da yawa daga cikin kamfanonin nan suna ba da mahaɗin biya, ki rubuta jikka 5, su ba ki ɗan adireshi, ki tura a WhatsApp, mai saye ta latsa ta biya. Ki gwada wannan da waɗanda suka iya. Akwai kuma PI-SPI da BCEAO ta ƙaddamar ranar 30 ga Satumban 2025, manufarsa kuɗi su riƙa wucewa nan take tsakanin banki da asusun waya da ƙananan bankuna a ƙasashe 8 masu sefa na ƙungiyar UEMOA, ko da ba kamfani ɗaya kuke ba. Matsalar nan taki ta wannan Airtel wannan Moov ita aka yi shi don ya warware. In kin je buɗe lambar ɗan kasuwa ki tambaye su ko sun shiga.

Alhajin Galmi

Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini, ni ke faɗa.

Ɗiyata, na ji bayanin yaran nan kuma sun yi gaskiya, amma akwai abin da ba su taɓo ba. Mu masu albasa mun daɗe muna karɓar kuɗi daga Abijan da Akara da Kwatano tun ba a san salula ba, kuma abin da muka koya shi ne kuɗin da ba ka iya fiddawa ranar da kake so, ba naka ba ne tukuna. Kowa ya ga abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Aka sa wa ƙasa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, mutum da kuɗinsa a banki sai ya yini a layi a ba shi abin da aka ga dama. Sai 24 ga Fabrairun 2024 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO ta ɗage. A watannin nan wanda ya raba dukiyarsa, wani abu a waya, wani wajen masu aike, wani ya mai da shi kaya, shi ya ci gaba da ciniki.

Saboda haka ni ban yarda da maganar a tara komai wuri ɗaya ba, ko wane kamfani ne, balle wanda ofishinsa ke wata ƙasa. Wahalar da kike kuka da ita, ta hanyoyi da yawa, rabinta rahama ce. Ki rage su zuwa biyu ko uku, kada ki mai da su ɗaya. Kuma kada ki bar kuɗi su yi ta kwana a waya, waya ba rumbu ba ce. Abin da ya taru ki fidda ki sayi itacen turare da kwalabe, ko ki kai banki in kina da shi.

Maganar mai fidda kuɗi da tsabarsa ke ƙarewa ranar kasuwa, wannan taki ce ki gyara. Kin san Lahadi na zuwa, ki fidda tun Juma'a ko Asabar. Ki kuma saba da biyu daga cikinsu, ki riƙa sanar da su tun da wuri in babban kuɗi ne, za su ajiye miki, don su ma da ke suke ci.

In kuma cinikinki ya tsallaka Sakkwato, kamar yadda nake zato zai yi tunda Ƙonni na kusa, ki yanka farashi da sefa, su san yadda za su yi da ƴan canji. Naira takan sauya tsakanin a ɗaure kaya da a kwance su.

Ƴar Adar a Abijan

Yaya, ni ta ɓangaren masu saye zan yi magana, don irin kayan nan naki nake sa a aiko mini daga gida. Nan Ajame kowa Wave da Orange Money da MTN yake riƙe da su, amma mu ƴan Nijar in za mu aika gida ajans ɗin Nita ko Amana muke zuwa, inda mazanmu ke aika kuɗin abinci ƙauye. Mun saba, mun san ma'aikatan, kuma sefa ɗaya ce ba canji. In kika turo mini adireshin intanet kika ce in latsa in sa lambata, gaskiya sai na tsorata, don irin saƙon da ƴan damfara ke turowa ke nan kullum. Ni na yi boko kaɗan, to ina ga wadda saƙon murya kaɗai take iyawa?

Abin da muke so wajen mai sayarwa kaɗan ne. Suna ɗaya, lamba ɗaya, kada yau a ce tura wa ɗiyata gobe a ce tura wa ƙanena. Ki faɗa mana tun farko wa zai biya kuɗin aike, kada sai an tura jikka 10 ki kira ki ce saura dala 40. In kuɗi sun shiga ki yi saƙon murya ki ce na gani, in kaya sun hau mota ki ɗauki hoton rasit ki turo. Wadda nake saye wurinta yanzu turarenta bai ma kai na wasu ba, amma saboda wannan ban iya barin ta.

Matan Faransa kuma, ƙawata da ke Liyon Western Union ko Ria take bi, ita ke biyan kuɗin aike, a gida a karɓa da katin ɗan ƙasa. Yuro 1 kusan sefa 656 ne kuma ba ya motsi, don haka lissafin ba wuya. Abin lura kawai ki rubuta musu sunanki yadda yake a kati, harafi da harafi, in ba haka ba sai a hana ki a gishe. In ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ban ga dalilin ɗaukar kamfani saboda su ba.

Maman Nana, Tawa

Kai, Allah ya biya ku, na samu fiye da abin da na zo nema. Baba Alhaji, na gode, Allah ya ƙara girma, maganar Juma'a ta shiga. Malam Mai Kilishi, na bi littafin jiya da dare ni da ɗiyata, kuma yadda ka faɗa haka ya fito: Nita da Airtel ne suka kwashe kusan kowa, sai Amana na bi musu. Layin kasuwa zan saya da sunana, in je ofis in nemi lambar ɗan kasuwa. Ƙanena ya karanta bayanin Ɗan Wadata ya yi shiru, daga baya ya ce shi dai a bar shi ya gwada mahaɗin nan da matan Yamai masu aikin ofis, waɗanda ke da katin banki. Na ce ya fara kawo mini sunan kamfanin a jerin babban banki tukuna.

Saura abu ɗaya da ke ci mini rai. Akwai sababbin masu saye da ke cewa su ba za su biya duka ba sai sun ga kaya, don an sha cinye musu kuɗi a Facebook, kuma ban ga laifinsu ba. Ni kuma ba zan sa kayan jikka 60 a mota a kan alkawari ba. Akwai kamfanin da ke riƙe kuɗi a tsakani har kaya su isa, ko yaya kuke yi?

Mai Kilishi, Bukoki, Yamai

Hajiya, kamfanonin da Ɗan Wadata ya lissafa aikinsu karɓa da zubawa ne, kada ki ɗauka za su zauna alƙalanci tsakaninki da mai saye. Mu yadda muke yi, sabon mutum ya ba da rabi da kuɗin mota kafin a ɗaure. Sauran kuma ba sunansa ake rubutawa a kan kaya ba, sunan wani naka ake rubutawa a garin. Ni ina da ɗan ƙanena a Maraɗi da wani abokina a Agadas, su ke karɓa a tasha, mai saye ya zo ya buɗe ya gani, ya tura cikon a lambar kasuwa, in duba in ga sun shiga, in kira in ce a ba shi. Ina ba su ɗan abin mai a kan kowane ƙunshi, kuma na sa shi cikin farashi tun farko. A Yamai in ba ki da kowa ki yi mini magana ta gefe, akwai yarona da ke zuwa tasha kusan kullum.

Garin da ba ki da mutum kuwa, ki ce ta fara da ƙaramar kwalba ta jikka 3, ta biya duka. In ta isa ta ji ƙamshi, kayan amaryar ita za ta kira ki ta tambayi lambar da za ta tura.